Darasin kiwon lafiya: maƙoƙo mai ramarwa da mace mai ciki

 Darasinmu na wannan karo ya shafi wuya, ya shafi zuciya, ya kuma shafi ɗan da ke cikin ciki. A karanta shi sannu a hankali. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na gida.

Kowa ya san maƙoƙo. In ka zaga kasuwar Dole, ko ta Matamaye, ko ta Magarya, da wuya ka rasa ganin mai shi. Yawancin maƙoƙo lafiya lau yake zaune, mai shi na noma, na daka, na cin kasuwa. Amma akwai wani iri mai ramar da mutum, mai sa zuciya gudu. In ya haɗu da ciki yana iya kashe uwa, yana iya kashe ɗa. Sau da yawa ana ɗaukarsa laulayi ne, a yi ta jira ya wuce. To, ba ya wucewa da jira. Yana da alamu, yana kuma da magani.

1. Abin da ke cikin wuyanmu

Ɗora yatsunka a gaban wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro. Haɗiye yawu. A nan akwai wata ƴar tsoka mai fiffike biyu, kamar malam-buɗe-littafi. Likitoci na kiranta tiroyid. Kowa na da ita, namiji da mace, babba da yaro. Nauyinta wajen giram 20 ne, kamar ƙwayar sukari huɗu. In tana lafiya ba a ganinta, ba a jinta.

Aikinta kamar na zugazugin maƙeri ne. Jikin mutum na ƙona abinci ya samu ƙarfi da ɗumi, kamar yadda maƙera ke ƙona gawayi. Tiroyid ce ke zuga wannan wuta. Tana zuba wani sinadari cikin jini, shi ke faɗa wa zuciya, da hanji, da ƙwaƙwalwa saurin da za su yi aiki.

In zugi ya yi kaɗan, wuta ta yi sanyi. Mutum ya yi nauyi, ya yi kasala, ya riƙa jin ɗari. In zugi ya yi yawa, gawayi ya ƙare da wuri. Mutum ya ci ya ci, amma ya yi ta rama. Wannan na biyun shi ne darasinmu.

2. Maƙoƙo iri biyu ne

Tiroyid ba ta iya yin sinadarinta sai da wani abu da ake kira iyod. Daga abinci muke samunsa. In iyod ya yi ƙaranci, sai ta yi ta girma don neman ɗan abin da ke akwai. Wannan shi ne maƙoƙon da muka saba gani. Gishiri mai iyod ne rigakafinsa.

Na biyun dabam yake. A nan tiroyid ce ta haukace da aiki, tana zuba sinadari fiye da kima. Don sauƙin riƙewa za mu kira shi maƙoƙo mai ramarwa. Ku lura da kyau: wani lokaci kumburin wuyan ƙarami ne ƙwarai, sai likita ya taɓa ya gane. Girman wuya ba shi ke nuna girman ciwo ba.

Cikin mata masu ciki 1000, ana samun 1 zuwa 4 masu wannan ciwo. Ba su da yawa. Amma wadda abin ya faɗa wa, ita da gidanta ba su ga kaɗan ba.

3. Me ke kawo shi?

Hanya uku ce.

Ta farko, ita ce mafi yawa. A cikin jininmu akwai masu tsaron jiki, aikinsu yaƙi da cuta. Wani lokaci sai su yi kuskure, su riƙa tsokanar tiroyid dare da rana, ita kuwa ta yi ta zugi. Likitocinmu na kiran wannan ciwon Basedow, sunan wani likitan Jamus ne da ya bayyana shi a 1840. Ya fi kama mata, musamman ƴan shekara 20 zuwa 40, watau shekarun haihuwa. Yana bin dangi. Ba a ɗaukarsa wajen cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya.

Ta biyu, tsohon maƙoƙo mai gudaji. Ya yi shekaru yana zaune lafiya, sai wani gudajin ya tashi da aiki shi kaɗai. An fi ganin haka ga matan da suka ɗan manyanta.

Ta uku, cikin ne da kansa. A watannin farko, sinadarin ciki yana ɗan zuga tiroyid. An fi ganin haka ga mai yawan amai da mai cikin tagwaye. Wannan mai sauƙi ne, yakan kwanta da kansa wajen wata na 4 ko na 5. Amma mai aman da ko ruwa ba ya zama cikinta, a kai ta likita a yi mata ƙarin ruwa. Likita ne kaɗai ke iya raba wannan da sauran biyun.

4. Alamun da za a duba

Mai ciki takan ji zafi, takan gaji, zuciyarta takan ɗan ƙara sauri. Shi ya sa ciwon ke ɓuya bayan laulayi. Ga abin da ya raba su:

- Tana cin abinci sosai, amma ciki na girma ita tana ramewa. A wurin awo kilonta ba ya ƙaruwa.
- Zuciyarta na dukan uku-uku ko tana zaune ba ta aikin komi, har cikin dare.
- Tana zufa ba lokacin zufa ba. A bazara kowa na gumi a Damagaram. Amma mai yaye mayafi tana fifita a tsakiyar ɗari, lokacin da kowa ke jin wuta, a dube ta.
- Hannunta na rawa. In ta miƙa hannu aka ɗora takarda a bayansa, takardar na karkarwa.
- Idanunta sun firfito, ko suna zuru kamar mai jin tsoro.
- Ba ta barci. Abu kaɗan ya ɓata mata rai, ta yi faɗa ko kuka, alhali da ba haka take ba.
- Tana yawan zagayawa bayan gida.
- Cinyoyinta ba ƙarfi. In ta tsuguna, tashi sai da dafa ƙasa.
- Gaban wuyanta ya kumbura, kumburin na hawa yana sauka in ta haɗiye yawu.

Ba dole duka su taru ga mace ɗaya ba. In an ga biyu ko uku, a tafi likita.

Idanun da suka firfito, da rawar jiki, da sauyin hali, su ke sa wasu su ce iskoki ne, ko maye ne ya kama ta, ko kishiya ce ta yi mata sammu. Da haka ake ɓata watanni, a ɓata zumunci, ciwo na cin jiki. Ba laifin kowa ba ne. Ciwo ne na tsokar wuya, ana ganinsa cikin awon jini. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

5. Mu koyi ƙidayar bugun zuciya

Ga inda iliminku zai yi amfani. Wanda ya iya ƙidaya har 150, ya iya duba agogo, ya iya wannan aiki.

Mai ciki ta zauna ta huta minti 10. Kada ta sha shayi ko ta ci goro kafin nan. A ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannunta ta gefen babban yatsa. Za a ji jijiya na harbawa. A duba agogo ko salula, a ƙidaya har minti ɗaya ya cika. A rubuta rana, a rubuta adadin.

Babban mutum mai lafiya, in yana hutawa, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Ciki yakan ƙara 10 zuwa 20 a kan abin da mace ta saba. In an auna safe da yamma, kwana biyu ko uku, kullum ana samun fiye da 100, a kai takardar wurin likita.

Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini su ma suna sa zuciya gudu, sun ma fi yawa a ƙasarmu. Su ma maganinsu na likita. Ko wanne ne, tafiyar ba ta faɗi banza ba.

6. Haɗarin da ke ga uwa

Zuciyar mai ciki aikin mutum biyu take yi. In an ƙara mata zugin tiroyid, kamar jakin da aka yi wa kaya biyu ne, ana kuma korarsa da gudu. Wata rana zai durƙushe. Zuciya in ta gaji, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, mace ta kasa kwanciya sai a jingine.

Ciwon na kawo hawan jini na masu ciki, wanda ke kai ga jijjiga. Yana kawo ɓari. Yana sa mabiyiya ta saki tun ɗa bai fito ba, jini ya ɓalle. Yana tayar da naƙuda kafin lokaci.

Akwai kuma mafi muni, likitoci na ce masa guguwar tiroyid. Yakan taso wa wadda ba ta shan magani, lokacin naƙuda, ko aikin fiɗa, ko wani zazzaɓi. Jiki ya yi zafi kamar wuta, zuciya ta wuce 140, ga amai, ga zawo, mace ta riƙa sambatu ko ta suma. Wannan ba ya jiran gari ya waye. A nemi mota, ko kabu-kabu, ko amalanke nan take.

7. Haɗarin da ke ga ɗa

Uwar da jikinta ke ƙone abinci, me zai rage wa ɗan ciki? Ɗan ba ya girma yadda ya kamata. A haife shi bai kai kilo 2 da rabi ba, ko a haife shi bakwaini. Wani ma yakan mutu a ciki.

Akwai wani abu kuma. Wajen ƙarshen wata na 3, tiroyid ɗin ɗan tayi takan soma aiki. Masu tsaron jikin nan da suka yi kuskure suna iya ratsa mabiyiya, su tsokani tasa ita ma. Cikin ƴaƴa 100 na mata masu ciwon Basedow, 1 zuwa 5 ke gamuwa da haka. Shi ya sa ungozomar likita ke sauraren zuciyar ɗan ciki. Daidai ita ce 110 zuwa 160 a minti. In kullum ta wuce haka, sai a ƙara bincike.

Macen da aka taɓa yi wa maganin wannan ciwo, ko aka yi mata aikin wuya, ta faɗa a wurin awo ko da ta warke shekaru. Abin na iya saura cikin jininta, ya taɓa ɗan.

8. A gidan likita

Yanzu ga labari mai daɗi. Macen da aka gane ciwonta da wuri, ta riƙe magani yadda aka ce, galibi takan sauka lafiya da ɗanta lafiyayye.

Ƙofar farko ita ce awon ciki. A 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin awon ciki a likitocin gwamnati. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko tun ciki bai wuce wata 3 ba. Mun san kunyar cikin fari. Mun san ana ɓoye ƙaramin ciki. Amma watannin nan na farko su ne masu muhimmanci. Ba a ɓoye wa likita ciki.

A likitar ƙauye za a auna kilo, da hawan jini, da bugun zuciya, a taɓa wuya. Tabbacin ciwon kuwa sai da awon jini na musamman, ana ce masa TSH da T4. Don haka za a ba ku takarda zuwa babban asibiti, kamar asibitin ƙasa na Damagaram, ko cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro. Daga Gure, ko Tanut, ko Dungas tafiya ce mai nisa, mai cin kuɗi. Amma ta fi tafiyar dare da mace a sume.

Maganin ƙwayoyi ne masu rage zugi. Iri biyu ne sanannu. Ɗaya ana ce masa PTU, shi aka fi so a wata 3 na farko. Ɗayan karbimazol, akan koma masa bayan nan, don a farkon ciki yana iya taɓa halittar ɗan tayi. Wani lokaci likita na ƙara wata ƙwaya ta ɗan lokaci mai rage gudun zuciya. In ƙwayoyi sun kasa, ana iya aikin wuya tsakanin wata na 4 da na 6. Akwai kuma wani iyod na musamman da ake sha a manyan asibitoci don ya kashe tiroyid. Shi an hana shi sam ga mai ciki da mai shayarwa.

Ga dokokin shan magani:

1. A sha kullum, a kan lokaci, adadin da aka rubuta. Kada a ƙara don neman saurin warkewa. Maganin na isa ga ɗan, in ya yi yawa sai ya kwantar da tasa tiroyid ɗin.
2. Kada a bari don an ji sauƙi. Ciwon yakan lafa a watannin ƙarshe. Likita ne zai rage ko ya tsayar.
3. A koma awon jini ranar da aka rubuta a karne, galibi ba ya wuce wata ɗaya.
4. In zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka taso, ko ido ya yi rawaya kamar shawara, a dakata da ƙwayar, a je likita a ranar.
5. Kada a saya a hannun masu tallar magani a kasuwa. Kada a sha na wata.
6. Kada wanzami ya yi tsaga ko sakiya a wuya. Manyan jijiyoyin jini na wurin.
7. A rage shayi, da kofi, da goro. Suna ƙara wa zuciya gudu.

Wadda ke shan wannan magani tun ba ta da ciki, in ta ga batan wata ta je likita cikin satin. Abin da ya fi ma, ita da maigidanta su nemi shawarar hutun haihuwa har ciwon ya kwanta.

9. Haihuwa da jego

Mai wannan ciwo a asibiti take haihuwa, ba a ɗaki ba. In za ta goyon ciki gidan iyayenta, ta tafi da karnenta da maganinta, ta nuna su a likitar garin.

Bayan haihuwa ciwon yakan dawo da ƙarfi, cikin watannin farko har zuwa shekara. Kada a ce wahalar goyo ce ke ramar da ita. A koma awo.

Tana iya ba da nono. Nono shi ne abincin jariri. Ta sha ƙwayar bayan ya gama tsotso.

A sa ido ga jaririn sati biyu na farko. In ba ya barci, yana yawan kuka, yana tsotso sosai amma ba ya ƙiba, idanunsa zuru, a mai da shi asibiti. Nasa yakan wuce cikin wata 1 zuwa 3, amma yana bukatar magani kafin nan.

Sai maganar kunun kanwa da wankan jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna cewa yawan kanwa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gado mai wuta, suna da hannu cikin gajiyar zuciya da kumburin masu jego. Mai maƙoƙo mai ramarwa zuciyarta ta riga ta gaji, jikinta ya riga ya yi zafi. Iyayenmu mata, ku sassauta mata. Ruwa mai ɗumi ya isa. Kunu ba kanwa ya fi mata.

10. To, gishiri fa?

Wani zai ce: tun da iyod ne abincin tiroyid, a daina gishiri mai iyod mana. A'a. Ɗan ciki na bukatar iyod don ƙwaƙwalwarsa ta ginu. Bukatar mai ciki ta fi ta sauran manya da fiye da rabi. A 1995 gwamnati ta kafa dokar sa iyod cikin gishirin ci. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan jihar Damagaram, aka buga shi a 2017, ya nuna iyod bai ishi mata masu ciki ba, ko da yake na ƴan makaranta ya kai. Gishirin gargajiya, irin na Bilma da Fashi da manda, galibi ba a sa masa iyod.

Saboda haka gida ya ci gaba da gishiri mai iyod, daidai miya, ba a cika ba. A rufe shi cikin gwangwani, nesa da rana da laima. Amma a sani, gishiri ba ya warkar da maƙoƙo mai ramarwa. Kada kuma mai shi ta sha wani ruwan iyod ko ƙwayarsa sai da izinin likita.

11. Aikin kowa

Maigida, kai ke ba da izini, kai ke ba da kuɗin mota. Tun ciki na ƙarami ka ware wani abu, ko akuya ce, saboda ranar bukata. Uwar miji, ke kika fi kowa ganinta, in kin ga tana ci tana rama ki yi magana. Ungozomar gari, ki duba wuya kamar yadda kike duba ciki. Abokan zama, ku karɓe mata daka da ɗaukar ruwa. Ɗalibi kuwa ya karanta mata karne, ya tuna mata ranar komawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Ina tiroyid take? Da me muka kwatanta aikinta?
2. Faɗi alamu 4 da suka raba wannan ciwo da laulayi.
3. Me ya sa ba a ƙara magani ko a bari ba da sanin likita ba?
4. A garinku, me ke hana mata zuwa awo da wuri? Yaya za a gyara?

Lissafi

1. An ƙidaya bugun zuciyar wata mace rabin minti, an samu 58. Nawa ke nan a minti ɗaya? A kai ta likita ko a bari?
2. Likita ya ce ƙwaya 1 sau 3 a rana. Ƙwaya nawa za a sha cikin kwana 30?

Aikin gida

Kowa ya ƙidaya bugun zuciyar mutum 3 a gidansu, ya rubuta cikin littafinsa, ya kawo wa malam.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa. Amin.